Kabarin Da Bai Kai Gwiwa Ba

Shekara talatin da ɗaya Malam Ja'afaru ya yi yana haƙa kabari a wata maƙabarta da ke gefen garin Bauchi, can ta hanyar Miri, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa riƙe abin awo ba. Tsawon mamaci dai daga gidan rasuwa ake aiko da shi: a gwada kara a jikin gawa, a karya daidai, a ba mai babur ya kawo. Zurfi kuwa da jikinsa yake auna shi. Idan an fitar da babban rami, aka yanka ƙaramin da ke tsakiya wanda gawa za ta kwanta a ciki, sai ya dira ya tsaya a miƙe. In bakin ramin ya rufe ƙoƙon gwiwarsa ta dama har ya ɗan haura, to an gama. In bai rufe ba, ko gwamna ne ke tsaye da makara a bakin ƙofa sai ya jira.

Wurin Baba Abdulsalam ya koyi haka, wani dogon tsoho mafaɗaci da ya ja shi cikin aikin tun yana da jini a jika. Baba Abdulsalam ya sha gaya masa cewa tela idan ya ɓata ɗinki mai riga zai dawo ya yi masa tijara, magini idan ya karkata bango mai gida zai gani, amma su wanda suke yi wa aiki ba ya dawowa ya yi ƙorafi, saboda haka su ne za su tsaya masa. Da tsohon ya rasu, Ja'afaru ne ya haƙa masa, shi ne kuma ya gaje shugabancin mahaƙan wurin, su huɗu. Ya gaje har da faɗan. Ya sha mayar da ƙato cikin rami saboda yatsa biyu da suka rage, mutum yana haki, zufa na zuba, shi ko a jikinsa. Umar, wanda ya fi daɗewa tare da shi, yakan ce ranar da Malam zai mutu sai ya tashi daga makara ya leƙa ramin tukuna kafin ya yarda ya kwanta.

Rayuwarsa ba ta da wani ado. Gida mai ɗaki uku a bakin Miri, 'yar gonar dawa a baya, da matarsa Zubaida mai tuyar awara a ƙofar gida. 'Ya'ya sun girma, mata sun yi aure, babban namijin yana jan keke Napep a cikin gari. Mutanenmu kuma kun san halinsu da mai haƙa kabari: ranar jana'iza su kama hannunsa da hannu biyu suna sa masa albarka, gobe in sun hango shi a kasuwa su kau da kai kamar shi ne mai aiko da mutuwar. Wannan bai taɓa hana shi barci ba.

Ƙasar wurin ba ƙasar wasa ba ce. Kamu ɗaya za ka shiga ka tarar da marmara da tsakuwa, diga tana tashi da tartsatsi. Ja'afaru da ƙafar dama yake danna shebur, a kan gwiwar dama yake durƙusawa ya gyara gefen rami da ƙaramar fartanya har ya yi sumul, da ita yake dira, da ita yake yunƙurin fitowa, don shi a ganinsa miƙa wa wani hannu ya jawo ka daga rami aikin raggaye ne. Wata rana kabari ɗaya, wata rana huɗu. Shekarar da aka yi amai da gudawa sun yi bakwai a yini guda.

Ciwon ya fara ne a hankali, daidai ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, wuri ɗaya da zai iya ɗora yatsa a kai. Da asuba ƙafar takan sandare, sai ya dafa bango zai kai buta. Amma da ya fara sara, jiki ya ɗauki zafi, sai ciwon ya lafa. Abin da ya yaudare shi ke nan. Ya ɗauka aiki ne maganinsa, bai san ciwon yana jiransa ne da yamma ba, kullum kuma da ɗan ƙari. Ya ce sanyi ne. Ya sha ƙwayar kemis har mai shagon ya san kalar da yake so. Wanzami ya kafa masa ƙaho sau biyu. Zubaida ta shafa man zafi har gidan ya koma warinsa. Shekara biyu ana haka, ya ɗaure gwiwar da tsumma a ƙarƙashin wando ya fita, kuma duk wanda ya ce ya ga yana ɗingishi sai ya ji amsar da ba ta yi masa daɗi ba.

Ranar wata Alhamis cikin watan Agusta aka kawo kara bayan azahar. Mace ce, sunanta Khadijatu, matar wani ma'aikaci da ke zaune a Gwallameji. Umar yana kwance da zazzaɓi, sauran biyun sun tafi ta'aziyyar ɗan'uwansu a ƙauye, Ja'afaru shi kaɗai ne, kuma ya riga ya haƙa biyu tun safe. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ya fitar da babban ramin, ya shiga ƙaramin, ya ci karo da marmara. Ya sara, ya sara, ya ɗora ƙafa a kan shebur zai danna, sai gwiwar ta ƙi. Ba zafin da ya saba da shi ba ne, wannan sai da ya ga duhu-duhu. Ya dafa gefen rami yana numfashi, daga nesa kuma ga salatin masu makara yana matsowa.

Ya tsaya a miƙe ya duba. Bakin ramin yana ƙasa da ƙoƙon gwiwarsa, saura kamar taƙi guda, tsawon buɗin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Ya dubi sama, ya dubi ƙofa, ya sake duban ƙafarsa. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya ɗauki diga. Ya ɗan rusuna, ya lanƙwasa gwiwar kaɗan, har bakin ramin ya zo daidai inda ya kamata. Ya kalli wurin kamar da gaske auna shi yake yi, ya ce a fili, ba kowa kusa: "An gama."

Aka sa ta, aka jera itace, aka lulluɓe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka tara tudu. Ana shafa fatiha ruwa ya sauko, mutane suka watse da gudu. Mijin, Abdulrauf, wani siriri mai tabarau da ba zai wuce shekara arba'in da biyar ba, ya tsaya cikin ruwan ya riƙe hannun Ja'afaru ya ce Allah Ya saka da alheri, Baba. Ja'afaru ya ce amin, ya kasa ɗaga ido.

Da ma kabarin ya faɗo ne a gangare, ta inda ruwa ke saukowa daga duwatsu idan an yi mai yawa. Bayan mako uku aka kwana ana zubawa. Da safe Ja'afaru ya zagaya kamar yadda ya saba, ya tarar wajen ƙafafun kabarin ya zaftare, itace ɗaya ya goce, kuma a ƙarƙashinsa ga wani ɗan ƙyalle da bai fi tafin hannu ba, farin likkafani da ya fara rinewa da jar ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zube ƙasa, don ƙafar ba za ta bar shi ya tsuguna ba, ya ja jiki da gindi, ya mayar da itacen, ya riƙa kwaso ƙasa da hannuwansa yana turawa yana dannawa har wurin ya rufe. Ya waiga hagu da dama. Banda wata akuya a kan katanga babu wanda ya gan shi.

Daga ranar ƙyallen nan ya bi shi gida. Zubaida ta shanya farin mayafi a igiya, ya fito daga ɗaki ya gani, ya ce ta kwashe, ta tambaye shi dalili ya juya ya koma ɗaki. Ya bar cin abinci sosai. Mafi muni a sallah ne, domin duk sanda ya lanƙwasa gwiwa zai kai goshi ƙasa, sai ya ji kansa a cikin ramin nan, ya ji muryarsa tana cewa an gama. Ba ya tsoron matattu, ya fi shekara talatin a cikinsu, ya san ba sa tashi. Kunyarta yake ji, kunyar baiwar Allah da bai taɓa ganin fuskarta ba.

Ga kuma Abdulrauf. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zo, ya ajiye mota a bakin ƙofa, ya taka har kabarin, ya daɗe yana addu'a yana kewaya shi, sannan ya biyo ta gindin dogonyaron da mahaƙa ke zama ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ja'afaru ya gwammace a mare shi da wannan gaisuwar.

Ya san ba za a tone ta ba, ya san hukuncin tun yana yaro. Abin da za a iya yi daga sama ne: a yanka magudana daga saman gangaren ta karkatar da ruwan zuwa bakin katanga, a jera duwatsu a gefen kabarin, a ƙara masa ƙasa. Aikin kwana huɗu ne ga mai lafiya. Amma in ya sa su Umar, za su tambaye shi me ya sa wannan kabarin kawai, alhali ga wasu goma a gangaren ba abin da ya same su. Kuma mutumin da ya mayar da su rami saboda yatsa biyu, da wane baki zai ce ya bar taƙi guda? Ya ƙudurta shi kaɗai zai yi, kafin wata daminar.

Gwiwar ba ta tambaye shi abin da ya ƙudurta ba. Ana cikin kaka, ran nan a sallar la'asar ya yi sujada ya kasa tasowa, sai da mutum biyu suka ɗaga shi a gaban jama'a. Washegari ɗansa ya zo da keke, bai nemi shawararsa ba, ya kai shi asibiti. Aka ɗauki hoto, likita ya duba, ya tura su sashen gashin ƙashi.

Shi ya zaci za a gasa masa ƙafar da wani inji ko a soka masa allura ya koma aiki ranar Asabar. Sai ya tarar da wata mata 'yar gajeruwa mai suna Lilian, 'yar mutanen Kudu ce amma a Bauchi aka haife ta, Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace a magana. Ta kwantar da shi, ta matsa nan ta matsa can, ta ɗora yatsa daidai wurin har ya ciji leɓe. Ta tambaye shi sana'arsa. Ya gaya mata yana jiran ya ga ta ja baya kamar kowa. Ba ta ja ba. Ta ce mahaifinta a Bauchi aka binne shi, a maƙabartar Kirista, kuma sai yanzu ta tuna ba ta taɓa tambayar wanda ya haƙa masa ba. Wannan maganar ta sa ya saurare ta, da ba don haka ba da ya tashi ya tafi.

Ta yi masa bayani cewa jijiyar da ta riƙe ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙauri ce ta gaji, kamar igiyar guga da ta daɗe tana gogar bakin rijiya wuri ɗaya. Ga kuma ruwa da ya taru a sama saboda durƙuso, ga gaɓar kanta ta fara sudewa. Ta ce kwanciya kawai ba za ta warkar da ita ba, komawa rami kuma zai ƙarasa ta. Sai dai a riƙa ɗora mata nauyi kaɗan-kaɗan har ta sake yin ƙwari. Ya ce kwana nawa? Ta ce ba kwana ba ne, wata shida ne, in ya ji magana. Ya lissafa a yatsunsa a ɓoye. Wata shida ya kai su Mayu, kuma a Mayu ruwa ke sauka.

Aka fara abin da Ja'afaru ya kira wasan yara. Ya kwanta ya miƙe ƙafa ya ɗaga ta sama ya riƙe. Ya jingina baya da bango ya ɗan sauka kamar mai zama a kujerar da babu ita, ya tsaya a haka har cinyoyinsa su fara rawa. Ya sa ƙanƙara a tsumma ya ɗora in ta kumbura. Sallah a kan kujera, a bayan sahu, shi da tsofaffin da a da yake yi wa kallon tausayi. Zubaida ce ke ƙirga masa, tana juya awara tana ƙirge, in ta so tsokana sai ta maimaita bakwai sau uku. Ta ce shekara talatin tana roƙonsa ya zauna a gida yini ɗaya ya ƙi, ga shi wata 'yar ƙaramar mace ta manna shi da bango kamar ƙadangare.

Lilian ta ce goma, sau uku a yini. Shi kuwa mutum ne da ya saba in an kawo kara a gama kafin a iso da gawa, sai ya ga in goma na warkarwa a wata shida, ai arba'in za ta warkar kafin a shiga bazara. Mako biyu ya yi yana haka, ya koma asibiti da gwiwa kamar ƙwarya. Ta dube shi, ta ce Baba sau nawa ka yi? Ya ce yadda ya samu. Ta kafa masa doka ɗaya: ɗan ciwo lokacin motsa jiki ba laifi, amma in gari ya waye ciwon ya fi na jiya, to ya wuce gona, ya rage. Ya bi, ba don ya so ba. Zuwa watan Fabrairu ya fara sauka daga kan bulo a hankali da ƙafa ɗaya, daga baya har da jarkar ruwa a hannu. Ya yar da sanda. Yana zuwa maƙabarta ya zauna gindin dogonyaro yana ba da umarni, idonsa kuwa kullum yana can gangare.

A watan Maris ciwon ya ɗauke ɗif na kwana goma. Lilian ta riga ta gargaɗe shi cewa ciwo yakan riga rauni tafiya, kada ya yarda da shi. Ya ji, amma ya kuma ji zafin rana yana ƙaruwa, ya san abin da ke biye da zafin. Ya zaɓi safiyar da su Umar suka tafi sayo itace, ya ɗauki diga ya hau gangaren. Ƙasar rani ce, ta bushe ta yi tauri. Ranar farko ya yi kamu uku, ya koma gida yana murna. Rana ta biyu ya ɗora ƙafa a kan shebur, tsohon zafin nan ya amsa masa daga wurin da ya saba. Ya ƙi tsayawa. Da aka yi azahar a kan babur aka kai shi gida.

Lilian ba ta yi masa faɗa ba, shi ne abin da ya fi damunsa. Ta taɓa gwiwar, ta koma ta zauna a kan kujerarta. Can ta ce ta ga masu taurin kai iri-iri, 'yan ƙwallo da 'yan dako, amma shi ba taurin kai ba ne, kamar wani abu ne ke korarsa.

"Baba, mene ne yake bin ka?"

Ya kalli bango. Ya ce, "Akwai wadda na ci wa amana, 'yata. Kuma ba ta da bakin da za ta faɗa."

Ba ta tambaye shi ko wace ce ba. Ta ce, "To, ni dai gaskiya zan gaya maka. Ƙafan nan ba zai kai Mayu ba, ka mayar da shi baya da wata biyu. In aikin dole ne kafin ruwa, ka nemi ƙafan wani."

Ya yi kwana ashirin yana juya maganar. Afrilu ya shigo, gari ya yi zafi, da yamma gajimare ya fara taruwa yana watsewa. Duk iskar da ta kaɗa sai ya fito tsakar gida ya shinshina ko akwai ƙanshin ruwa a cikinta. Ya rame har Zubaida ta daina tsokanarsa. Ya ga dai abu biyu ne a gabansa: ko ya riƙe sunansa, ruwa ya sake buɗe ta, ko ya buɗe bakinsa. Kuma ya ga in zai faɗa, ba Umar ne ya kamata ya fara ji ba.

Ran Juma'a ya dogara sanda ya riga Abdulrauf zuwa kabarin, ya zauna a kan wani dutse yana jira. Da mutumin ya gama addu'a, Ja'afaru ya ce yana da magana. Bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi yadda suke awo, ya faɗi marmara, ya faɗi hadarin. Ya faɗi yadda ya lanƙwasa ƙafa. Ya faɗi har da ƙyallen. Ya ce ba ya neman a ce ba komai, domin da komai. In Abdulrauf zai kai shi gaban malamai ko gaban hukuma, ya yarda, amma don Allah a taimake shi a tare ruwan nan tukuna.

Abdulrauf ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya zauna a ƙasa, da farar shaddarsa ta Juma'a, kusa da ƙafafun tsohon.

Ya ce, "Baba, ni na sa ta. Ni na zura hannu na juya fuskarta gabas, na kwance ɗaurin. Na sa mahaifina, na sa ƙanena, na san inda hannu ke kaiwa. Ranar nan tun kafaɗata ba ta shiga ba na taɓa ƙasa."

Ja'afaru ya ɗago.

"Na sani tun a lokacin. Na ɗaga kai na ga hadari, na ga ogana da surukaina a tsaye suna duba agogo, na ji nauyin in ce a fito da ita a ƙara. Ni na ce a miƙo itace." Ya mayar da tabarau. "Kana tsammanin addu'a ce kawai ke sa ni kewaya wurin nan duk Juma'a? Dubawa nake yi."

Wata takwas kowannensu yana gaida ɗan'uwansa da ladabi a gindin bishiya, kowa yana jin shi kaɗai ya sani. Ja'afaru ya yi kuka ranar, irin wanda bai yi ba ko da ya rufe Baba Abdulsalam.

Washegari Asabar Abdulrauf ya zo da tsohon wando da takalmin roba. Hannun biro ne, bai san yadda ake riƙe diga ba, kafin hantsi tafinsa ya yi bororo. Ja'afaru yana kan kujera da sanda yana nuna masa inda zai sara, kuma duk da halin da ake ciki sai da ya yi masa faɗa sau biyu. Da su Umar suka matso suna kallon ikon Allah, Ja'afaru ya kira su, ya gaya musu komai da bakinsa, a gaban mijin. Umar, wanda aka fi mayarwa rami a cikinsu, shi ne ya fara tafiya ya ɗauko shebur. A kwana uku aka yanka magudanar har bakin katanga, aka jera duwatsu, aka ƙara ƙasa aka daddaɓe.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko ne tsakiyar Mayu, da la'asar. Ja'afaru yana maƙabarta. Ba a daɗe ba sai ga motar Abdulrauf, ya baro ofis ko lema bai ɗauko ba. Suka tsaya gindin dogonyaro suna jiƙewa, suna kallon jan ruwa yana gangarowa daga duwatsu. Ya iso bakin magudanar, ya ɗan taru kamar zai tsallake, sannan ya karkata ya bi ta. Kabarin bai motsa ba. Abdulrauf ya ce alhamdulillahi. Ja'afaru ma ya faɗa, kuma har zuciyarsa. Amma ya san duwatsu da ƙasar duk a sama suke. A ƙasa tana nan kwance inda ya bar ta, kuma ba abin da zai ƙara mata taƙin nan har ranar da za a tashe su gaba ɗaya.

Sai a ƙarshen Yuli Lilian ta sallame shi, da sharuɗɗa: kabari ɗaya a yini, ba dira, a sa masa bulo ya taka, ya riƙa sauya ƙafa a kan shebur, ya shimfiɗa buhu in zai durƙusa, kuma jingina da bango ba ya ƙarewa har ƙarshen rayuwa. Ya koma sujada a sahun gaba, yana tashi a hankali da dafa ƙasa. Gwiwar ba ta koma kamar da ba, in an yi sanyi takan tuna masa tana nan.

Kabarin farko da ya haƙa bayan dawowarsa na wani tsoho ne daga Miri. Ya yanka ƙaramin ramin, ya gyara gefensa, ya taka bulo ya sauka, ya tsaya. Bakin ramin ya rufe ƙoƙon gwiwarsa har ya haura. Su Umar suna sama suna jiran kalmar da suka saba ji, sun fara tattara kayan aiki. Ba ta fito ba. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙafarsa, sannan ya ɗaga kai.

"Umar, zo ka duba min," ya ce. "A miƙe take?"

Umar ya tsuguna a bakin ramin, ya duba da kyau, ya ce a miƙe take, Malam.

Tun daga ranar haka ake yi a maƙabartar. Ja'afaru yana shiga ya tsaya, wani ya leƙa ya duba ƙafar, wanda ya duba shi ke cewa an gama. Shi bai ƙara faɗa da bakinsa ba.